Kurakuran da aka fi yi kan ma'anar "ƙasa" a dokar mallakar fili

Rigimar da ke tashi bayan cinikin fili ko gida sau da yawa tushenta ɗaya ne: mai saye da mai sayarwa kowa da abin da ya fahimta da kalmar "ƙasa". A wurin doka, kalmar ta wuce turɓayar da ake takawa.

Kuskuren da ya fi jawo asara shi ne ɗaukar gini da itatuwa a matsayin dukiya dabam da filin. A ƙasashen da suka gaji dokar Ingila, duk abin da aka kafa a ƙasa ya zama ɓangarenta. Wanda ya yi gini a filin wani ba da izini ba yana iya rasa ginin ɗungurungum. Haka kuma mai sayar da gida ba shi da hurumin ɓalle ƙofofi, tagogi ko bututun ruwa bayan an ƙulla ciniki. Don tantance ko abu ya zama ɓangaren ƙasa, kotu tana duba abu biyu, yadda abin ya manne da kuma dalilin manna shi, ma'aunin da shari'ar Holland da Hodgson ta 1872 ta fayyace. Firji da labule kayan ɗaki ne, mai su zai kwashe abinsa. Inda gizo ke saƙa shi ne kayan da ke tsaka-tsaki: tankin ruwa, farantan sola, janareta da aka ɗaure a kan dandamalin siminti. Kada a bar wa alƙali wannan hukunci. A rubuta su ɗaya bayan ɗaya cikin yarjejeniya, wanda zai zauna da wanda za a cire, kowa ya sa hannu.

Sai masu zaton duk abin da ke ƙarƙashin filinsu nasu ne. A Najeriya, sashe na 44(3) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya damƙa ma'adinai, man fetur da iskar gas a hannun gwamnatin tarayya. A Ingila ma zinariya, azurfa da man fetur na masarauta ne. A Amurka mutum na iya mallakar ma'adinai, amma ana iya sayar da haƙƙinsu dabam da saman filin, don haka dole a bincika tarihin takardun.

Sama ma tana da iyaka. Kotun Ƙolin Amurka a 1946, a shari'ar Causby, ta yi watsi da tunanin cewa mallaka ta kai har sararin samaniya ba iyaka. Abin da mai fili ke da shi shi ne gwargwadon saman da yake iya amfana da shi. Amma rufin maƙwabci da ya leƙo cikin filinka shiga haƙƙi ne.

Kuskure na ƙarshe ya fi ɓuya, domin ido ba ya ganinsa. Haƙƙin wucewa ta cikin fili, jingina da hayar dogon zango suna iya bin filin zuwa hannun sabon mai shi. Wani lokaci ma abin da ake saye haƙƙin zama ne kawai: Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 a Najeriya ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana, kuma sauya hannun haƙƙin da ya bayar na buƙatar amincewarsa. Kafin a biya ko kwabo, lauya ya yi bincike a ofishin rajistar filaye, safiyo kuma ya gwada taswira da duwatsun iyaka da ke filin.