Amarya, kafin ki ɗura markaɗe a kwalba

Da zarar Agusta ta kama a nan jihar Ohio ta Amurka, sai wayata ta fara ƙara. Wata sabuwar zuwa ta je kasuwar manoma, ta ga tumatir da tattasai sun faɗi warwas, ta jido kwali huɗu, wai za ta yi tanadin hunturu. Tunanin ya yi kyau, don daga Disamba tumatirin kanti ba ɗanɗano, ga tsada. Kuma matan garin nan ba su da ƙyashi, wata ta ara miki tukunya, wata ta zo ta taya ki yanka. Inda nake jin haushi shi ne ƙin tambaya.

Shanya dai ki manta da ita. Nan ba Kadawa ba ce da za ki baza tumatir a rana ya zama kauɗa. Iskar bazararsu akwai laima, kwana uku ya yi fumfuna, mai gidan haya kuma ya liƙa miki takarda a ƙofa saboda baranda. Kuɓewa da zogale ki sa su a na'urar busarwa. Firiza kuwa ba sai na koya miki ba.

Kwalba ce ta ba ni kunya. Shekarata ta farko na markaɗa tumatir da tattasai da attaruhu da albasa wuri guda kamar yadda muka saba, na dafa, na ɗura a kwalaben kamfanin Ball guda 14, na tafasa su a ruwa, na jera a kabad ina jin kaina. Har hoto na tura wa Hajiyarmu. Kafin wata guda murafu biyu sun kumbura. Na ce to sauran lafiya lau suke, tunda ba wari. Allah Ya sa wata Anti 'yar Maraɗi, ma'aikaciyar jinya, ta zo gidan. Ta ce, "Ƙanwata, kin sa lemon tsami?" Na ce a'a. Ba ta bar gidan ba sai da na zubar da su kaf, ina hawaye ina lissafin dala.

Ita ta fahimtar da ni cewa akwai ƙwayar cuta da ke rayuwa inda babu iska kuma babu tsami, tana haifar da gubar botulizim mai shanye jiki har ta tsayar da numfashi, kuma ba lallai ki ji wari ba. Tafasasshen ruwa iyakarsa digiri 100, ƙwayar kuwa sai wajen 116 take mutuwa. Tumatir zalla yana da ɗan tsami, shi ya sa ake iya tafasa kwalbarsa a ruwa, amma sai kin ƙara babban cokali 2 na ruwan lemon tsami na kanti a babbar kwalba mai kusan lita guda, ki tafasa minti 45 ruwa ya sha kanta. Masu zama a tudu irin birnin Denba sai sun ƙara lokaci. Da kin haɗa da albasa, tattasai, kuɓewa ko nama, tsamin ya ragu, sai dai tukunyar matsin tururi da aka yi don kwalabe. Tukunyar lantarki ta Instant Pot da aka ba ki gudummawar biki ba ta wannan aikin.

Kada ki ce mini a gida ana zuba mai a saman markaɗe ya zauna. Wannan na 'yan kwanaki ne, kuma kullum ana ɗumamawa.

Ni yanzu tumatir kaɗai nake sa wa a kwalba, da sabon murfi kowane karo, in rubuta wata da shekara a kai, in cinye cikin shekara. Attaruhu da tattasai in markaɗa daban, in ƙulla a ƙananan leda, firiza ta riƙe. Babbar tukunyar tafasa kwalabe tana wajena, duk Asabar har ƙarshen Satumba ina gida. Ki zo da kwalabenki a wanke.