Yawon tsibiran Zanzibar: kurakuran da muke yi a gidajen abincin bakin teku

Wanda ya tashi da tarwaɗa da ƙarfasa da bandar kifi, ranar da ya fara zama a gidan abinci a bakin tekun Nungwi aka jera masa jatan lande da ƙaguwa da kifaye masu launin da bai taɓa gani ba, ido ne ke fara ci kafin baki. Abincin teku kuwa lafiyayye ne, ba shi da kitse irin na jan nama. Abin da ke kwantar da masu hutu a Unguja da Pemba, manyan tsibiran Zanzibar biyu, yawanci abu biyu ne: awannin da kifin ya yi cikin zafi kafin ya iso faranti, da tarkacen da aka kewaye shi da su.

Babban kuskure shi ne ɗauka cewa tunda ga teku nan kana kallo, kifin da ke gabanka sabo ne. A kasuwar dare ta lambun Forodhani, a tsohon garin Zanzibar, da magariba ta yi za ka ga tebura cike da tsiren kifi da na jatan lande an jera su gwanin sha'awa. Da yawansu an riga an gasa su tun ɗazu, in ka nuna sai a ɗan ɗora a wuta a ɗumama maka. Ɗumame irin wannan bayan kawai yake taɓawa, cikin yana nan yadda yake. Gyaran mai sauƙi ne: ka je da wuri, ka tsaya inda 'yan gari suka yi layi, ka zaɓi ɗanye a gasa a gabanka. In a gidan abinci ne, ka ce a kawo kifin ka gani. Idonsa ya zama garau a cike, ba wanda ya zurma ya yi fari-fari ba. Ka ɗaga marfin kumatunsa, cikin ya zama ja. Ka danna tsokar da yatsa, in ta dawo to madalla, in gurbin yatsan ya zauna ka ce a bar shi. Sabon kifi ƙanshin ruwan teku yake yi, ƙarni mai hawa kai alamar ya kwana ne.

Mu Hausawa mun yarda da wuta ƙwarai, muna cewa in abu ya dahu ai shi ke nan. To akwai inda wuta ba ta da ta cewa. Kifin tuna, wanda Waswahili ke kira jodari, da ɗan uwansa nguru, in suka daɗe ba ƙanƙara, wani sinadari mai suna histamin yana taruwa a tsokarsu, kuma gashi ko suya ba sa kawar da shi. Ni kaina na ɗanɗana. Wata rana da azahar a wani gidan abinci a gabar gabas na ci yankan tuna, na ji yana ɗan cizon harshe kamar an barbaɗa masoro, na ce ai kayan ƙamshin Zanzibar ne. Kafin in kai masauki fuskata ta yi ja, kai na sarawa, zuciya na dukan uku-uku. Zuwa dare ya lafa, amma yinin ya tafi a banza. Duk kifin da ya ciji harshenka ba tare da ka ga yaji a kansa ba, ajiye cokali. Naman kunkurun teku kuwa ko kyauta aka ba ka kada ka taɓa. A watan Maris na 2024 yara takwas da babba ɗaya suka rasu a Pemba bayan sun ci shi, an kwantar da wasu da dama a asibiti.

Sai maganar mai. Mutum ya ce yau kifi zan ci don lafiya, a kawo masa kifi an tsoma shi a ƙullun fulawa an soya, gefe tulin soyayyen dankalin turawa, ga mayonis. Da dare ya ƙara da chipsi mayai, wato dankali cikin wainar ƙwai, ko abin da suke kira Zanzibar pizza, wanda shi ma a mai ake toya shi. Kwana biyar a haka, wando ya fara matsewa. Kalmomi uku za ka riƙe: samaki wa kuchoma, gasasshen kifi ke nan. Ka haɗa shi da mchicha, wanda alayyafonmu ne sak, da 'yar shinkafa daidai, ka matse lemun tsami a kai. Miyar madarar kwakwa da ake dafa pweza a ciki, wannan dabbar teku mai hannuwa takwas, gaskiya daɗinta ba a magana, kuma ba zan ce ka ƙi ta ba. Sai dai tana da nauyi, sau ɗaya a yini ya isa, kuma da rana ya fi.

Abin sha ma yana yaudara. Ruwan rake da ake matsewa da citta da lemun tsami yana sanyaya rai, amma sukari ne zalla, mai ciwon suga ya kiyaye. Ƙanƙarar da ake jefawa a ciki kuma ba ka san da wane ruwa aka yi ta ba, ka ce bila barafu, wato ban da ƙanƙara. Madafu ya fi komai kwanciyar hankali: ɗanyar kwakwa ce da za a fafe a gabanka ka sha, ka kankare tsokar ka cinye. Haɗin ɗanyen tumatir da albasa da suke kira kachumbari, a wurin da ba ka yarda da ruwansu ba, ka haƙura da shi.

Ranar shiga jirgin ruwa, wasu sukan cika ciki da biriyani wai don kada yunwa ta kama su a hanya, wasu kuma su tafi ba su karya ba don tsoron amai. Duka biyun suna shan wuya. Daga birnin Darussalam na Tanzaniya zuwa Unguja kusan awa biyu ne, zuwa Pemba ya fi haka nisa, kuma daga Yuni zuwa Satumba iskar kudu da suke kira kusi tana tayar da teku. Shayi da citta, ayaba, ɗan burodi, awa guda kafin tashi. A jaka ka sa dabino da gyaɗa da ruwan gora, da ƙunshin gishiri da sukari na maganin gudawa, don a ƙaramin tsibiri irin Changuu ko tudun yashin Nakupenda ba kantin magani. Masu kwale-kwalen da ke gasa abincin rana a tudun yashi, kafin ku tashi ka leƙa ka ga ko kayan cikin kula da ƙanƙara suke.

Zanzibar ƙasar Musulmi ce, wannan kan sa mu saki jiki. Amma manyan otal-otal da ke dafa wa Turawa sukan zuba giyar inabi a romon jatan lande ko miyar taliya mai kayan teku, tambaya ɗaya ga mai kawo abinci ta wadatar.

Wanda bai taɓa cin ƙaguwa ko jatan lande ba a rayuwarsa, kuma irinmu 'yan tudu da yawa haka muke, bai san ko jikinsa na karɓarsu ba. Wasu ƙaiƙayi da borin jini kawai suke yi, wasu leɓe da maƙogwaro ke kumbura har numfashi ya yi wuya, wannan kuwa sai asibiti nan take. Saboda haka gwajin farko a cikin gari za ka yi shi, loma biyu ko uku, da rana. Kada ka bari sai kana tudun yashi a tsakiyar teku, mai kwale-kwale ya ce sai la'asar za a koma.