Yadda Ake Gane Ninkin Cikakkun Lambobi a Lissafi

Ninkin lamba shi ne abin da ake samu idan an yi sau ɗinta da wata cikakkiyar lamba, wato lamba marar ɗigo kamar 1, 2 ko 3. A fara da sa mai koyo ya rubuta lambar, sannan ya riƙa ƙara mata kanta: 6, 12, 18, 24, 30. Na fi son a fara da wannan tarawar kafin haddar jadawalin sau, domin wanda ya ga lambar tana hawa da hannunsa ba ya saurin rikicewa.

Inda akasarin ɗalibai ke tuntuɓe shi ne bambanta ninkin lamba da lambobin da ke raba ta. Idan aka ce su kawo ninkin 12, sai ka ga an jera 1, 2, 3, 4, 6 da 12. Waɗannan masu raba 12 ne, guda shida ne kacal, kuma babu wanda ya wuce 12 a cikinsu. Shi kuwa ninki daga 12 ɗin yake tashi, ya nufi 24, 36, 48, ba shi da iyaka. Saboda haka duk wanda ya ga amsarsa ta gaza lambar da aka ba shi, ya tsaya ya sake duba tambayar. Sifili kaɗai ya fita daga wannan ƙa'ida, tunda 12 sau 0 sifili ne, amma a ajiye maganarsa sai an ƙware. Haka kuma kada a ɗauka ninkin 7 ya ƙare a 84 don jadawalin bayan littafi ya tsaya a nan, domin 7 sau 13 yana ba da 91.

Mataki na gaba shi ne gwaji da rabawa. Idan ana son sanin ko 90 ninkin 7 ce, a raba 90 gida 7, za a samu 12 da saura 6, kuma muddin akwai saura, ba ninki ba ce. A yi wannan a takarda, domin kalkuleta ɗigo take nunawa maimakon saura.

Akwai hanyoyin yanke. Lambar da ta ƙare da 0 ko 5 ninkin 5 ce. Ta 3 kuwa, a tara alƙaluman lambar, idan jimlar ninkin 3 ce, ita ma lambar ninkin 3 ce: a 471, jimlar 4 da 7 da 1 ita ce 12, don haka 471 ninkin 3 ce. Wannan dabarar ba ta aiki a kan 4 ko 7.

Idan ana neman ninki mafi ƙanƙanta da lambobi biyu suka yi tarayya a kai, kamar 4 da 6, a jera ninkin kowacce a ɗauki na farko da suka haɗu a kai, wato 12.