Yadda ake haɗa garin kumfar teku don gyaran fata

Kwanakin baya wata ƙanwata da ke gyaran amare a nan Birnin Kebbi ta shigo da wani farin abu a ƙulle cikin leda, mai fasalin harshe, tsawonsa kamar tafin hannu, ba nauyi ko kaɗan. Ta ce, "Yaya, kin san wannan? Wai a mako ɗaya yake haskaka fata." Na san shi. Larabawa na kiransa zabadul bahri, wato kumfar teku, wasu su ce lisanul bahri. Yana da amfani, amma ba wanda aka faɗa mata ba.

Duk da sunan, ba kumfa ba ce. Ƙashi ne da ke cikin jikin wata halittar teku mai laushin jiki, dangin dodon koɗi, mai hannuwa takwas da wasu dogaye biyu, wadda ke fesa baƙin ruwa kamar tawada idan ta tsorata. A ruwan gishiri kaɗai take rayuwa, don haka masuntan Argungu da Yawuri ba sa kama ta. Daga bakin teku ake kawo ƙashin. Mafi yawansa sinadarin kalsiyam kabonet ne, irin wanda ke cikin ɓawon ƙwai, shi ya sa masu kiwon tsuntsaye ke rataya shi a keji don aku ya riƙa tsattsaga. Maƙeran zinariya da azurfa kuma sun daɗe suna goge ƙarfe da garinsa. A fata ma aikinsa ke nan: gogewa. Yana kankare matacciyar fata ta sama, sai wurin ya yi santsi. Ba ya sauya launin da Allah ya ba ki.

Ki fara da sayen gudansa, kada ki sayi wanda aka riga aka daka. Farin gari ba ya faɗin abin da aka cuɗa masa. Ki duba wanda yake fari tas, ba ɗigon baƙi ko kore na fumfuna, ki shinshina. Ɗan ƙarni ba komai, amma mai wari ki bar shi.

Da kin kawo gida ki wanke, ki jiƙa shi kwana ɗaya kina sauya ruwa sau biyu ko uku don gishirin ya fita. Sai ki tafasa shi minti 10, ki shanya a faranti kwana biyu, ki rufe da siririn ƙyalle saboda ƙura da ƙuda. Sai ya bushe ƙayau za ki taɓa shi.

Yanzu ki juya shi ki duba. Gefe ɗaya yana da laushi, farce ma na shigarsa. Ɗaya gefen ɓawo ne mai tauri kamar farcen yatsa. Mai laushin kaɗai ake so. Ki sa cokali ki riƙa kankarewa a kan takarda mai tsabta har ki iso ɓawon, sai ki yar da shi. Ki ɗaure hanci da ɗankwali lokacin da kike yi, don garin na tashi kuma yana shaƙe mutum.

Nan ne aikin yake, kuma nan aka fi yin ganganci. Ki daka a ƙaramin turmi busasshe wanda bai taɓa ganin yaji ba, ki tankaɗe da rariyar laushi, sannan ki sake tankaɗewa ta cikin mayafi shara-shara. Ki ɗebo kaɗan ki murza tsakanin yatsu. Idan kin ji ko da tsaki ɗaya, ki koma turmi. Karo na farko da na haɗa shi sau ɗaya na tankaɗe, na goga a kumatu. Washegari da na tashi alwala ruwa na taɓa fuskata na ji raɗaɗi, na duba madubi na ga jajayen layuka sirara kamar an yakushe ni. Sai da na yi mako ban shafa komai ba sai man kaɗe. Ƙashin nan cike yake da ƙananan ɗakuna masu bango, in bai daku ba gutsattsarinsa na da kaifi.

Kafin ya je fuska, ki kwaɓa ɗan kaɗan da ruwa ki shafa a cikin damtse, ki wanke bayan minti 5, ki jira kwana ɗaya cur. In wurin ya yi ja, ko ƙaiƙayi, ko kumburi, to ba naki ba ne.

Haɗin kansa ba wuya. Rabin ƙaramin cokali na garin, babban cokali ɗaya na kindirmo ko zuma. Ni na fi son kindirmo, don garin yana busar da fata, maiƙon nonon kuma yana rage hakan. Ki jiƙa fuska, ki shafa da kan yatsu a hankali kamar minti ɗaya, ki kauce wa idanu da leɓe. Kada ya wuce minti 5 a jiki. Ki wanke da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ki tsane da tawul ba tare da dirzawa ba, ki bi da man kaɗe. A gwiwa da gwiwar hannu da diddige mai kaushi za ki iya ƙara garin zuwa ƙaramin cokali guda, kuma a can ne ma na fi ganin amfaninsa.

Za ki ji ana cewa a matsa masa lemun tsami har ya yi kumfa, wai alamar ƙarfi ce. Kumfar nan iska ce kawai ke fita saboda tsami ya haɗu da kalsiyam kabonet, ɓawon ƙwai ma haka yake yi. Ruwan lemun tsami a fata kuwa, in rana ta doke shi, yana iya ƙona wurin ya bar baƙin tabo. Da irin ranar Kebbi ta watan Afrilu, ina roƙonki kada ki gwada.

Sau ɗaya a mako ya isa. Da hunturu, lokacin da fata ke tsagewa da kanta, ki mai da shi sau ɗaya a mako biyu. Mai ƙuraje masu ruwa, ko makero, ko ƙyasbi, ko buɗaɗɗen ciwo, kada ta shafa, ta je a duba ta a asibiti. Haka wadda ta daɗe tana shafa man bilicin, don fatarta ta riga ta yi siriri, da wadda jikinta ba ya karɓar jatan lande ko ƙaguwa. Amarya kuma kada a fara mata shi ana saura kwana uku biki; a gwada tun da saura wata guda.

Ragowar garin ki zuba a busasshiyar kwalba mai murfi, ki ajiye nesa da danshi. Wanda kika riga kika kwaɓa da nono ko zuma ba a ajiye shi, abin da ya rage ki zubar.