Yadda za ka gane irin gidan da kuɗinka zai iya saya a karkarar Kano da Jigawa

Tambayar da mutane suka fi yi ita ce, "ina da kuɗi kaza, zan samu gida?" Amsar kuma ba ta wuce wata tambayar: a ina? Domin kuɗin da ba za su saya maka ko rabin fuloti a gefen Kumbotso ko Ungogo ba, su ne za su ba ka fili mai faɗi har ka ɗora ɗaki biyu a wani ƙauye na Gaya ko Babura. Kano ƙananan hukumomi 44 ne, Jigawa 27, kuma kowacce da kasuwar filinta, kai ko cikin gari ɗaya ma bakin titi daban, bayan gari daban. Ga yadda mutum zai bi ya gane matsayin aljihunsa tun kafin ya je gaban dillali.

Abu na farko, ka zauna ka ƙirga kuɗin da ke hannunka da gaske. Ba wanda kake sa ran adashi zai kawo ba, ba na amfanin gonar da ba a girbe ba, ba bashin da kake bin wani abokinka ba. Na hannu. In kana da sa ko tumaki da ka riga ka yanke shawarar kai su kasuwa, to saka su a lissafi amma da farashin ƙasa. Daga nan sai ka cire abin da ba na fili ba kuma ba na gini ba, wato la'adar dillali, wadda da yawa kan ce kashi 5 cikin 100, da kuɗin rubuta takarda, da abin da za a ba shaidu da mai unguwa, da kuɗin motar zirga-zirgar da za ka yi ta yi. Waɗannan ƙananan abubuwan su ne suke cinye kuɗin ƙofa da taga mutum bai ankara ba.

Abin da ya rage kuma kar ka riƙa kallonsa a matsayin naira, domin tun da aka cire tallafin mai a 2023 farashin kayan gini bai zauna wuri ɗaya ba, abin da wani ya gaya maka ya kashe shekara biyu baya ba zai yi maka amfani yau ba. Ka je shagon siminti mafi kusa da inda kake son zama ka tambayi buhu nawa ne a ranar, ka je gidan bulo ka tambayi inci 6 da inci 9, ka tambayi bandir ɗin kwano da tifar yashi har da kuɗin kawowa. Sai ka raba kuɗinka ka ga buhu nawa ne, bulo nawa ne. Ɗaki ɗaya mai ƙafa 12 da 12 yana cin wajen bulo 400 in an haɗa duka bango huɗun, ban da fandisho, ban da katanga. Da wannan kaɗai za ka fara ganin gidanka a zahiri, ka san ɗaki nawa ne a aljihunka.

Sai maganar wuri, kuma a nan ne nake so a daɗe, don nan ne ake cin riba ko a tafka asara.

Ka ɗauki birnin Kano a matsayin tsakiya. Duk garin da mutum zai iya kwana a cikinsa ya shigo birni aiki da safe ya koma da yamma, filinsa ya riga ya zama na 'yan birni a farashi, ko da kuwa har yanzu ana noma gero a kai. Gefen Gezawa, Dawakin Kudu, Madobi, Tofa, Minjibir, da Dawakin Tofa musamman wajen Dawanau saboda kasuwar hatsi, duk suna cikin wannan layin. Mai ƙaramin kuɗi in ya nace sai nan, abin da zai samu shi ne ɗan yanki, awon igiya, can ciki nesa da kwalta, lungun da mota ba ta shiga da damina. Ba laifi ba ne, mutane da yawa a haka suka fara, amma ka san abin da kake saya kenan, kuma kuɗin ginin sai an sake nemo su.

Layi na biyu shi ne garuruwan da suke da abin da ke jawo mutane da kansu. Wudil tana da jami'a da kasuwar shanu ta ranar Juma'a ga babban titin Maiduguri. Bichi tana da kwalejin ilimi ta tarayya. Kazaure na da kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu, Kafin Hausa na da jami'ar Sule Lamido, Gumel na da kwalejin ilimi, Maigatari ga kasuwar kan iyaka ta ranar Alhamis, Hadejia kuwa garin kasuwanci ne tun fil azal. Dutse ita tun da ta zama babban birnin jiha a 1991, aka kuma kawo jami'ar tarayya a 2011, ma'aikata da ɗalibai suka ɗaga kuɗin haya da na fili. A irin waɗannan garuruwan kusa da makaranta ko kasuwa akwai tsada, amma da ka ɗan matsa bayan gari farashi yana sauka sosai, kuma ni a ganina mai matsakaicin ƙarfi nan ya fi dacewa da shi, saboda ko bai zauna ba zai samu ɗan haya.

Layi na uku su ne ƙauyukan da sai an sauka daga kwalta an hau babur. Nan fili yana da araha, wani lokacin ma gona ce za a yanka maka, sai dai kayan gini sun fi tsada kafin su iso, mai tifa zai caje ka kuɗin hanya, magini mai kyau sai an ɗauko shi daga gari an ciyar da shi. Kuma ranar da ka so sayarwa mai saye ba ya zuwa da wuri. Wanda gonarsa da danginsa ke wurin wannan ba matsalarsa ba ce. Wanda yake aiki a birni kuma yake tunanin araha ce ta ja shi, ya lissafa kuɗin mota na wata ɗaya tukuna. Akwai kuma wuraren da suke karya wannan tsarin, irin su Kura da Bunkure da Garun Malam, inda ruwan Tiga ya sa ana noman rani, ƙasa tana da daraja ko da ƙauye ne, mai gona ba ya sakin ta da arha.

To yanzu sai ka dubi kuɗinka ka ga wane rukuni kake ciki.

In abin da ke hannunka kuɗin fili ne kawai, saya ka kafa shaida. Ka sa turaku na siminti a kusurwa huɗu, in da hali ka zuba fandishon katanga ko layi biyu ne na bulo, domin fili a buɗe yana jawo rigimar iyaka. Kar ka ƙarar da komai wajen neman babban fuloti. Ƙafa 50 da 50 ya isa iyali su fara rayuwa, 50 da 100 ninkinsa ne. Kuma dan Allah in dillali ya ce "fuloti ɗaya ne" ka tambaye shi nawa da nawa, ka zo da tef ɗinka a auna a gabanka, don fulotin wani wuri bai kai na wani ba. Misali, in an ce maka 40 da 40 a kan wani farashi, ga kuma 50 da 50 da ɗan ƙari, na farko murabba'in ƙafa 1,600 ne, na biyu 2,500, kaga bambancin ya fi yadda ido ke nunawa.

In kuɗinka sun ɗan fi haka, zaɓi biyu ne gabanka. Ko ka sayi fili mai sauƙi ka gina ciki da falo da banɗaki da katanga ka tare, ko ka sayi tsohon gidan ƙasa a cikin gari ka gyara. Gidan ƙasa ba abin rainawa ba ne wallahi, yana da sanyi lokacin bazara, kuma sau da yawa yana zuwa da rijiya da maƙwabta da masallaci kusa. Amma ka shiga ka duba da kyau. Ka tsuguna ka kalli gindin bango, in ka ga ya yi fari-fari yana zuba kamar gari, gishiri ne ya ci shi kuma yaɓe ba zai hana ba. Ka ɗaga kai ka kalli azara, ka ƙwanƙwasa ka ji ko gara ta cinye cikinta. Ka dubi indararo inda yake zubar da ruwa, a gidanku ne ko a na maƙwabci. Wani gidan filin kawai kake saya, ginin rushe shi za a yi, to a yi cinikin a haka.

Wanda ya fi wannan ƙarfi shi ne zai iya kallon kango, wato ginin bulo da mai shi ya kai linta ko ya rufa ya kasa ƙarasawa. Ana samun sa'a a nan saboda yawanci mai shi buƙata ce ta taso masa. Sai dai ka zo da maginin da ka yarda da shi, ba na mai gidan ba. Ya kankare bulo da ƙusa ya ga ko yana ruguzewa, ya tona gefen fandisho ya ga zurfinsa, domin akwai ginin da tun farko don sayarwa aka yi shi, an tsuke siminti. Kuma ka tuna daga rufi zuwa tarewa akwai filasta, daɓe, wayarin, silin, ƙofofi, sokawe, kuma wannan ƙarashen yana cin kuɗi fiye da yadda mutane ke zato.

Mai kuɗi da yawa kuwa, shi ne zai nemi awon gwamnati a Dutse ko Hadejia ko gefen Kano, mai titi da takarda, ya yi bohol ya sa sola. Wannan ba sai na tsawaita ba, yana da masu ba shi shawara. Ma'aikacin da ake cire masa kashi 2.5 cikin 100 na albashi zuwa asusun gidaje na ƙasa ya je ya tambayi haƙƙinsa, wanda kuma yake gudun kuɗin ruwa akwai bankunan da ba sa mu'amala da shi irin su Jaiz.

Mataki na gaba, kowane rukuni kake, shi ne ka je ka ga wurin da damina, a watan Agusta in zai yiwu. Filin da ya yi kyau a watan Maris zai iya zama tafki. Wanda ya ga abin da ambaliyar 2022 ta yi a Jigawa, ƙauyukan da ke bin kogin Hadejia ta wajen Ringim da Auyo da Miga har Guri da Kiri Kasamma, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ba ina cewa kar a saya a waɗannan ƙananan hukumomin ba, mutane suna zaune lafiya a kan tudu, abin da nake cewa shi ne arahar kwari ba araha ba ce. In ba za ka iya jiran damina ba, ka dubi bangon gidajen kusa, ruwa yana barin alamar inda ya tsaya. Ka tambayi tsofaffin unguwa, ba dillali ba, ko wurin tsohuwar kududdufi ce aka cike. Ka tambaya ko burtali ne, ko filin makaranta, ko gefen maƙabarta, ko ƙarƙashin babbar wayar wuta. Ka tambayi zurfin rijiya a unguwar da ɗanɗanon ruwanta. Sannan inda ake aikin babban titi ko layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda ya bi ta Kazaure kuma yake da reshe zuwa Dutse, ka tabbatar filin bai faɗa cikin awon aikin ba.

Sai takarda. A dokar ƙasa ta 1978, filayen jiha suna hannun gwamna ne a matsayin amana, shi ke ba da shaidar mallaka a birane, a karkara kuma ƙaramar hukuma na da ikon ba da shaidar mallaka ta gargajiya. Don haka sa hannun mai unguwa da dagaci yana da muhimmanci ƙwarai, su suka san tarihin kowace gona, amma kar ka tsaya a nan, ka kai maganar sashen filaye na ƙaramar hukuma. In filin yana kusa da birnin Kano ne ko an ce maka yana da takardar gwamnatin Kano, ka je KANGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filaye ta jihar Kano, a duba lambar kafin ka biya ko kwabo, kuma ka san cewa izinin gini a yankunan da aka tsara yana hannun KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano.

Filin gado shi ya fi kowanne buƙatar haƙuri, kuma yawancin filayen karkara gado ne. Ka tambaya kai tsaye, an raba ko ba a raba ba? In ba a raba ba kar ka karɓi maganar babban wa shi kaɗai ko da mutumin kirki ne. Mata suna da rabonsu, marayu suna da nasu, wanda ke ci-rani a kudu shi ma yana da nasa, kuma a fiƙihun Malikiyya abokin tarayya a filin da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a, wato zai iya mayar maka da kuɗinka ya karɓi rabon da aka sayar maka. Mafi kwanciyar hankali a ga takardar rabon gado daga kotu, ko dukkan magada su hallara su sa hannu.

Ranar biya kuma a yi ta da rana, a kan filin in zai yiwu, maƙwabtan iyaka na gabas da yamma da kudu da arewa suna tsaye ana nuna turaku. A rubuta tsawo da faɗi da sunayen waɗanda aka yi iyaka da su, da kuɗin da aka biya da wanda ya rage in akwai, da ranar cikawa. Ka tura kuɗin ta banki zuwa asusun mai filin da kansa, ba na dillali ba, ka ajiye rasit ɗin tare da takardar. Ka ɗauki hoton takardar da wayarka, ka yi kwafi biyu, ɗaya a gidanka ɗaya a wurin wani ɗan'uwa da ka amince da shi.