Yadda yaronka zai fara kwasa-kwasan jami'a tun yana sakandare a Ohio

Ranar da babbar 'yata ta shigo da takardar, ina ɗaura takalmi ne zan fita aikin dare. Ta ce, "Baba, a sa mini hannu." Na karɓa, na manna ta a ƙofar firji da maganaɗisu, na ce sai na dawo. Sati uku tana nan tare da takardar kuɗin wuta. Sai da ya rage kwana biyu a rufe karɓa mahaifiyarta ta cire ta ta ajiye mini kusa da kwanon tuwo, sannan na karanta. Takardar nan ce ta sa yarinyar ta gama sakandare da kusan shekara guda ta karatun jami'a a hannu, ban biya ko sisi ba. Shi ya sa nake rubuta wannan domin iyayenmu da ke Kolombas, babban birnin jihar Ohio ta Amurka, da kewaye, don na san firjinmu duk iri ɗaya ne.

Sunan shirin College Credit Plus, na gwamnatin jihar Ohio, kuma a shekarar karatu ta 2015 aka fara shi. Yaro daga aji 7 zuwa aji 12, wato daga JSS 1 zuwa SS 3 a lissafin gida, zai iya ɗaukar kwas a kwaleji ko jami'a, a ƙirga masa shi sau biyu: a sakandare da kuma a jami'ar. Idan makarantar gwamnati yake yi kuma kwalejin ta gwamnati ce, irin su Columbus State ko Ohio State, ba kuɗin karatu, ba kuɗin littattafai. Wanda ya san IJMB, wadda ake yi a shiga jami'a kai tsaye aji biyu, zai ga kama. Bambancin shi ne a nan ba sai yaro ya gama sakandare ba. Wasu jihohin ma suna da nasu, kamar PSEO a Minesota da Running Start a Washinton, amma kowace da dokarta. Ta Ohio na sani, ita zan faɗa.

Abu na farko, riƙe 1 ga Afrilu. Kafin wannan rana ake miƙa wa makaranta fom ɗin nuna niyya na shekara mai zuwa. Cika shi ba ya ɗaure ka da komai; in ka fasa daga baya ba wanda zai tuhume ka. Amma in ka makara sai ka je neman alfarmar shugaban makaranta. Kafin nan, cikin hunturu, makarantar kan kira taron iyaye da yamma don bayani. Ka je, ko da musayar aiki za ka yi da wani. In Turancin ya yi maka sauri, ka nemi ganin mai ba ɗalibai shawara kai kaɗai, ka tafi da yaron.

Bayan fom ɗin, yaro zai nemi shiga kwalejin da kansa, ta intanet. Za a duba ko ya cancanta. Hanya mafi sauƙi ita ce matsakaicin makinsa na sakandare ya kai 3.0 cikin 4. In bai kai ba, akwai jarrabawar ACT ko SAT, ko wadda kwalejin ke yi ta gwaji, Accuplacer. Kuma cancanta daban, karɓa daban: babbar jami'a tana da nata ma'auni, ta fi ƙaramar kwaleji tsauri.

Yanzu lissafi, don a nan mutane ke ruɗewa. A jami'ar Amurka da kiredit ake auna karatu. Yawancin kwas kiredit 3 ne, digiri na farko kuma wajen 120. Shirin ya yarda da kiredit 30 a shekara, amma har da darussan sakandare a ciki, kowane darasi na cikakkiyar shekara a matsayin 3. Misali, yaro yana da darasi 6 a makarantarsu, 18 ke nan, saura 12, wato kwas huɗu. Abin da ya haura wannan daga aljihunka zai fito. Zangon bazara ma yana cikin lissafin, a kan shekarar da ke tafe ake ɗora shi.

Kada ka ga 12 ka ce a cike su. Ni dai shawarata kwas ɗaya a zangon farko, a fannin da yaron ya fi ƙarfi. 'Yata da rubutun Turanci ta fara, a cikin ginin makarantarsu, wurin malamar da kwalejin ta amince ta koyar da kwas ɗin. Wannan ita ce hanya mafi taushi. Akwai kuma zuwa harabar kwalejin, akwai ta intanet. Ta intanet ɗin ce ta kayar da ni.

Da ƙaninta ya kai aji 10, sai na ɗauka abin da ya yi Hassan shi zai yi Husaini. Na tura shi lissafi, ta intanet, tare da wani kwas. Kullum in na dawo da asuba kwamfutar tana buɗe a teburi, in tambaye shi, ya ce lafiya lau. Ashe tun mako na uku aka bar shi a baya, kunya ta hana shi faɗa. Ba wanda ya kira ni. A sakandare, yaro ya yi fashin kwana ɗaya waya za ta yi ƙara. A kwaleji kuwa babba suke ɗaukarsa ko shekarunsa 15, malamin ba zai neme ka ba, in ka kira ma dokar sirrin ɗalibai kan hana su gaya maka komai sai da yardar yaron. Kafin in farga an wuce lokacin fita salin alin. Ya janye a makare, takardar biyan kuɗi ta iso gida.

To ga dokar, ka rubuta ta a bango. Kwana 14 na farkon kwas, yaro zai iya ajiye shi ba tare da komai ba. Bayan nan, in ya janye ko ya faɗi, hukumar makarantarsa ta sakandare tana da ikon neman ka biya kuɗin kwas ɗin. An cire iyalan da aka tabbatar masu ƙaramin ƙarfi ne, irin waɗanda 'ya'yansu ke cin abincin makaranta kyauta ko da rangwame. Kuɗin ma ba shi ne babban ciwon ba. Makin da ya samu yana shiga takardar sakamakonsa ta jami'a, kuma ba ya gogewa. Yaro ɗan shekara 15 ya ci D, za ta bi shi har ranar da zai nemi karatun likita ko tallafin karatu. In matsakaicin makinsa na kwalejin ya sauka ƙasa da 2.0, sai a sa shi a jan layi, kwas ɗaya tak za a bar shi ya ɗauka a zango na gaba.

Abin da na koma yi shi ne, ranar farko muna zama da yaron mu buga takardar tsarin kwas, wadda ke ɗauke da ranakun jarrabawa da na miƙa aiki. Ran kwana goma kuma ba na tambayar "ya karatu?" Cewa nake, buɗe mini shafin maki in gani da idona.

Sai zaɓen kwas. Kiredit 15 na farko dole daga rukunin kwasa-kwasan da shirin ya ware a matsayin na matakin farko za a ɗauka, amma ko a cikinsu a zaɓi wanda zai bi yaro duk inda ya je. Ka tambayi mai ba da shawara ko kwas ɗin yana cikin Ohio Transfer 36. Waɗannan su ne na gama-gari, Turanci, lissafi, kimiyya, tarihi da makamantansu, kuma jami'o'in gwamnati na jihar suna karɓarsu daga juna. In burin yaron wata jami'a ce mai zaman kanta ko ta wata jiha, ka rubuta musu tun yanzu, don wasu ba sa ƙirga irin wannan kiredit. A irin wannan hali darussan AP, wato darussa masu matakin jami'a da ake koyarwa a sakandare, na iya fi masa, waɗanda ake jarrabawarsu a watan Mayu, maki daga 1 zuwa 5. A jami'o'in gwamnatin Ohio, 3 ya isa a ba shi kiredit.

Ƙananan abubuwa da ba a faɗa a taro: kai yaro harabar kwaleji da ɗauko shi naka ne, motar makaranta ba ta zuwa. Hutun kwaleji da na sakandare ba lallai su zo tare ba, kuma ranar da aka rufe makarantu saboda ƙanƙara, kwalejin na iya buɗewa. Ka duba jadawali kada kwas ya hau kan sallar Juma'a. Masu yawa Litinin da Laraba ne ko Talata da Alhamis, in an yi rajista da wuri ana samu. Akwai kuma takardar da za ka sa wa hannu cewa ka san karatun na manya ne, ba za a sassauta abin da ake karantawa ko tattaunawa don akwai yaro a aji ba. Kada ka sa hannu a tsaye kamar yadda na so yi. Nemi jerin littattafan ka leƙa, musamman na adabi da nazarin halayyar ɗan Adam, ku yi maganar a gida tukuna.

Shi ƙanin, mun bar shi ya huta shekara guda. A aji 12 ya koma da kwas ɗaya, a aji, gaban malami, ya ci B. Autarmu tana aji 8, fom ɗinta yana kan firji tun jiya, na zagaye 1 ga Afrilu da jan biro.