Yadda Za Ka Kama Kiɗan Jitar Chuck Berry

Ƙanena, tun da ka nace sai ka koyi kiɗan Chuck Berry, mawaƙin rock and roll ɗin nan na Amurka, to kada ka fara da kiɗan da ke buɗe Johnny B. Goode, waƙarsa ta 1958. A kansa na ɓata wata biyu a zaurenmu na Mabera, ban tsinana komai ba.

Fara da tsirkiyoyi biyu masu kauri. Ɗora manuniya a gaɓa ta shida ta wuyan jitar kan mafi kaurin, yatsan zobe a ta takwas kan mai bi mata. Kaɗa su tare sau biyu, miƙa ƙaramin yatsa zuwa ta goma kan tsirkiya ta biyun, sau biyu, ka dawo. Yi ta maimaitawa har mutanen gida su gaji da kai. Yatsan zai yi tsami, da hunturu ma fatar har tsagewa take yi, sai ka shafa man kaɗe kafin ka kwanta. Wannan takun na hannun hagun masu fiyano ne, Berry kuwa ya daɗe yana kiɗa tare da Johnnie Johnson mai fiyano a garinsu St. Louis.

In hannu ya faɗa, sauko kan sirara biyun ƙasa. Kwantar da manuniya ta danne su duka a gaɓa ta biyar, ka kaɗa, ka zame zuwa ta shida. Biyu a lokaci guda, kada ka tsinci ɗaya-ɗaya. Nan amon yake. Rage gudun bidiyon kiɗansa a YouTube zuwa rabi, ka bi shi a hankali.

Kuma bar cewa ka makara. A 1926 aka haife shi, gyaran gashi ya koya, sai a 1955 mawaƙi Muddy Waters ya tura shi kamfanin faifai na Chess a Chicago, inda waƙar Maybellene ta fito da shi yana dab da shekara 29. Ya sha ɗauri ba sau ɗaya ba, ya fito ya ci gaba, har ya rasu a 2017 yana da shekara 90.

Ɗabi'arsa guda da nake so ka ɗauka: sai an ƙirga masa kuɗinsa a hannu yake hawa dandali. Wani mai biki a nan Sakkwato har yau ina bin sa.

Tafiyar agwagwar da yake yi a tsugune kuwa, bar masa abinsa. Na gwada sau ɗaya, wandon sallata ya tsage.